Zan iya soke makin GMAT in dawo da shi daga baya?

Malam, ka ce ka rubuta GMAT, jarrabawar shiga makarantun koyon kasuwanci, don neman gurbin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, makin bai yi maka daɗi ba, kana son soke shi kada makarantu su gani, kuma kana tambaya ko za a iya dawo da shi idan ka canza ra'ayi.

Tsarin da kake tunani a kai tsohon yayi ne. A da, da zarar ka gama, kwamfuta za ta nuna maka maki ta ba ka minti 2 kacal ka karɓa ko ka soke. Wanda ya karɓa yana iya sokewa ta intanet cikin awa 72 kan dala 25, dawo da shi kuma dala 50 ne, muddin bai wuce shekara 4 da wata 11 ba. Mutane da yawa sun soke maki mai kyau cikin ɓacin rai, suka biya kuɗi daga baya.

Tun da GMAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ta kawo sabon tsari a Nuwamban 2023, mai maki daga 205 zuwa 805, sokewa ba ta da amfani. Sai ka ga sakamako kafin ka zaɓi makarantun da za a aika wa, kuma makin da ka zaɓa kaɗai suke gani. Bar makin da bai yi maka daɗi ba a asusunka kawai, yana aiki har shekara 5.

In za ka sake rubutawa, sai bayan kwana 16, kuma ba a wuce sau 5 cikin wata 12.