Tambaya da Amsa: Me Ke Karya Shaf Ɗin Injin Niƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, kuma na kammala sakandare. An kawo mini shaf ɗin injin niƙa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, da ya karye daidai gindin fuli, faifan da bel yake hawa, na yi masa walda, amma ba a daɗe ba ya sake karyewa a wurin, alhali aikin da yake yi bai wuce na kullum ba. Shin ƙarfen ne jabu? Kuma akwai inda ake koyar da sanin irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Mai yiwuwa ƙarfen ba shi da laifi, domin ƙarfe mai kyau ma yana gajiya. Ka ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ga ta tsinke, ko da yake ja ɗaya ba zai tsinka ta ba. Bel yana jan shaf zuwa gefe guda, shi kuma yana juyawa, saboda haka kowane sashe na jikinsa yana miƙewa yana matsewa a duk zagaye. Idan yana juyawa sau 1,500 a minti, to cikin awa 12 ya haura zagaye miliyan ɗaya.

Ka dubi fuskar karayar da kyau. Galibi za ka tarar da wani ɓangare mai santsi, wani lokaci da siraran layuka masu lanƙwasa, wanda shi ne inda tsaga ta daɗe tana ci a hankali, sannan da ɓangare mai kaushi, wanda ya ɓalle farat ɗaya da ragowar ƙarfen ta kasa ɗaukar nauyin. Tsagar takan faro ne daga kusurwa mai kaifi, kamar ramin da ake saka makullin fuli ko inda kaurin shaf ya ragu, domin a nan ƙarfin ja yake taruwa. Walda kuwa, ko ta gwani ce, zafinta yana sauya yanayin ƙarfen, kuma takan bar ƙananan ramuka da sabuwar tsaga za ta tashi daga gare su. Shawarata ita ce a sauya shaf ɗin, a sa mai sassaƙa shi ya daddale kusurwar ta zama mai lanƙwasa, a daidaita fulin biyu su fuskanci juna, kuma a daina ɗaure bel tamau.

Wannan tambaya taka ta daɗe tana damun injiniyoyi. A 1842 jirgin ƙasa ya yi mummunan hatsari tsakanin Versailles da Paris a Faransa saboda karyewar sandar ƙafafunsa, daga baya kuma wani Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwada irin waɗannan sanduna, har ya nuna cewa maimaita ƙaramin nauyi yana karya ƙarfe. A 1954 jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila sun tarwatse a sama, bincike kuma ya danganta abin da tsagar da ke farowa daga kusurwar tagogi da sauran kafofin jikin jirgin.

Game da karatu, fannin injiniyan injuna kake nema, kuma ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga kuma kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Ka ƙarfafa lissafi da fiziks da kimistiri kafin jarrabawar JAMB, lissafin musamman, domin da shi ake auna abin da idonka ya riga ya saba gani a shago. Ina roƙonka kada ka ajiye waldar, ita za ta taimaka maka da kuɗin makaranta. Idan Allah ya kai ka digiri na biyu, asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin tarayya, wato PTDF, yana ba da tallafin karatu a fannonin injiniya, sai ka riƙa bibiyar sanarwarsa.