Naira ta faɗi, to ina baƙin da aka ce za su zo?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina saro yadi daga Chaina. Da aka saki naira a 2023, wato aka bar kasuwa ta yanke farashinta, an ce mana masu zuba jari za su yi tururuwa zuwa Najeriya tunda komai zai yi musu arha. Sai ga shi kamfanoni ne ke naɗe tabarmarsu, mu kuma jarinmu na narkewa. A ina gizo ke saƙar?
Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Waɗanda suka faɗa muku haka ba su yi ƙarya ba, rabin zancen kawai suka faɗa. Mai kuɗi daga waje yana son arha, amma kafin ya ajiye jakarsa sai ya san da nawa zai fita.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Wani ya shigo da dala miliyan ɗaya a farkon 2023, lokacin da farashin dala na gwamnati ke kusan naira 460. Ya samu naira miliyan 460, ya juya su shekara guda, ya ci ribar kashi 30 cikin ɗari, kuɗi suka kusa miliyan 600. Kowa a garin zai ce masa barka. Sai ya tashi mayar da kuɗinsa gida a watan Fabrairun 2024, ya tarar dala ta kai 1,500. Abin da zai riƙe a hannu bai wuce dala dubu 400 ba. Ya ci riba a takarda, uwar kuɗi ta tafi. Irin wannan ne ya sa MTN Najeriya, duk da yawan masu sayen kati, ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023. A shekarar ne kuma GSK mai magunguna ya sanar da rufe harkarsa, Procter & Gamble ya ce ya daina sarrafa kaya a nan, zai koma shigo da su.

Akwai kuma tsohon tabo. Kafin a saki nairar, kamfanoni sun sha zama da kuɗinsu a banki sun rasa dalar fitar da su, har jirgin Emirates ya daina zuwa a 2022. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya ce ya kammala biyan bashin dala biliyan 7 da ya taru, amma wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu.

Baƙin sun zo fa, sai dai ba irin waɗanda kake jira ba. Da Gwamnan Babban Banki, Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024, masu sayen takardun bashin gwamnati sun shigo. Waɗannan 'yan ci-rani ne, da danna kwamfuta suke shiga, da ita suke fita. Mai gina masaƙa a Sharaɗa ko Challawa shekara goma yake hange, don haka shi sai ya ga ƙura ta lafa.

Kai kuma naka ciwon na san shi, don ina da ƙane a harkar. Ka ba da dila bashi na wata biyu a tsohon farashi, ranar da kuɗi suka dawo ka leƙa kasuwar canji ta Wapa ka tarar ba za su sayi abin da ka sayar ba. Ga kwastan ma da farashin dala suke lissafa haraji. Su kuwa masu fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau kakarsu ta yanke saƙa, don dala suke karɓa. Haka ɗan Maraɗi mai sefa a aljihu: kuɗinsa a ɗaure suke da yuro, sefa 655.957 kowace yuro ɗaya, ba ya kwana da fargabar da kake kwana da ita.

Shawarata, ka riƙa sa farashi da abin da za ka kashe wajen sake saro kayan, ka manta da nawa ka saye su. Ka rage wa'adin bashi ko da wasu abokan ciniki za su yi fushi. Kada ka kuskura ka ci bashin dala alhali cinikinka da naira ne. Sannan ka je bankinka ka tambaye su ko za ka iya biyan masu kayanka da yuwan, kuɗin Chaina, kai tsaye, tunda akwai yarjejeniyar musayar kuɗi tsakanin Najeriya da Chaina tun 2018. In sun ce eh, ka sa su rubuta maka farashin da cajinsu, ka gwada da na Wapa kafin ka sa hannu.