Tambaya da Amsa: Sayen tsohon injin milin da farfaɗo da shi a Legas

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Agege, kuma na daɗe ina son in kafa ɗan wurin aikin ƙarfe a bayan gidana, domin in daina kai ƙananan ayyuka wurin wasu ina jiran layi. An nuna mini tsofaffin injinan milin guda biyu a wajen masu sayar da kayan ƙarfe na Owode Onirin. Na farko yana sheƙi da sabon fenti, kuma mai shi ya ce an yi masa gyara tsaf. Na biyun Bridgeport ne, duk ya yi tsatsa da dauɗar mai, a jikinsa akwai farantin da aka rubuta Adcock & Shipley, kuma ya fi araha. Wutar gidana mai layi ɗaya ce. Wanne ya kamata in saya, kuma ta ina zan fara gyaransa? Daga mai karatunku a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin in amsa maka, bari in warware wa sauran masu karatu wani ruɗani, domin da yawa idan suka ji an ce milin sai hankalinsu ya tafi kan injin niƙa ko na markaɗe. Injin milin na sassaƙa ƙarfe ne: ana ɗaure ƙarfen a kan tebur, wuƙa tana juyawa a samansa, mai aiki kuma yana tura teburin hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa, har a fitar da shafaffiyar fuska ko kwarmi ko haƙoran giya daidai da awon da ake so.

Farantin da ka gani bai nuna jabu ba. An fara ƙera wannan samfurin a shekarar 1938 a garin Bridgeport da ke jihar Konetikat ta Amurka, daga baya kuma kamfanin Adcock & Shipley na birnin Lesta a Ingila ya riƙa ƙera shi da izinin masu shi. Amfanin wannan suna a wurinka shi ne, an yi injin da yawan gaske, masana'antun Taiwan da Sin kuma sun kwaikwaye shi, saboda haka har yau ana samun kayan gyaransa da kolet ɗinsa na R8, wato abin da ke riƙe wuƙar a jikin injin, ba tare da wata wahala mai yawa ba.

Amma suna kaɗai ba zai sa in ce ka saya ba, haka kuma fenti. A gaskiya sabon fenti a jikin injin da ya shekara arba'in ko hamsin yana sa ni ƙara buɗe ido, domin da gwangwanin fenti ɗaya ana iya rufe tsagewar da ke jikin ƙarfen zubi, wanda ku masu walda kuke kira kas, kuma kai ka fi ni sanin yadda waldarsa take da wuyar sha'ani. Darajar injin milin tana cikin hanyoyin da tebur da gwiwa, wato ƙarfen da ke ɗauke da teburin yana hawa da sauka da shi, suke zamewa a kansu. Boris da bel da noti duk ana sayensu a sauya, amma idan hanyoyin nan suka cinye, gyaransu sai an kankare su da hannu ko an kai su babban injin goge ƙarfe, aikin da kuɗinsa kan iya zarce na injin kansa.

Saboda haka ka koma kasuwar da tsumma da kananzir da fitilar hannu da agogon awo mai gindin maganaɗisu, wato ma'aunin da allurarsa ke nuna motsi komai ƙanƙantarsa, ka gwada injinan biyu gwaji iri ɗaya. Ka goge hanyoyin ka haska su daga gefe. A kan injin da bai sha wahala ba za ka ga wasu ƙananan zane-zane kamar ɓawon kifi, waɗanda aka yi su tun a masana'anta domin su riƙe mai. Idan zanen yana nan a ƙarshe da ƙarshe amma ya shafe a tsakiya, to tsakiyar ta ci, domin a nan ne aka fi yin aiki shekara da shekaru. Daga nan ka kawo teburin tsakiya, ka ɗan matse makullinsa har ka ji ya fara riƙewa kaɗan, sannan ka murza hannun ka kai shi ƙarshe. Idan ya tafi da nauyi iri ɗaya, alhamdu lillahi. Idan kuwa ya cije tun bai yi nisa ba, hanyar ta yi kwari a tsakiya, kuma duk abin da ka sassaƙa mai tsawo zai fito da ɗan lanƙwasa.

Haka za ka gwada dogon sukurun da ke tura teburin. Ka murza hannun gaba, sannan ka dawo da shi baya a hankali, ka lura da layuka nawa ya wuce kafin teburin ya motsa. Wannan lako-lakon ba ya tayar mini da hankali idan daidai yake a ko'ina, domin notin tagullar da sukurun ke bi ta cikinsa ana iya matse shi ko a sauya shi. Abin da nake gudu shi ne ya yi yawa a tsakiya ya yi kaɗan a ƙarshe, domin wannan yana nufin sukurun ne da kansa ya cinye. Ka kuma duba ko awon hannun na inci ne ko na milimita, tunda mu a nan yawancin aikinmu da milimita ne.

Sai sandar da ke juya wuƙa. Ka sa bakin agogon awo a cikin raminta, ka juya ta da hannu. Idan allurar ta tsaya cikin kashi ɗaya ko biyu bisa ɗari na milimita, ni zan karɓa don aikin gida. Ka nace a kunna maka injin ka ji kukansa a gudu mai yawa da kuma giyar ƙasa. Kan injin, wato ɓangaren sama da ke ɗauke da sandar, iri biyu ne: mai bel da ake sauya wa mataki ya fi sauƙin gyara a kan wanda ake murza masa hannu don sauya gudu, domin na biyun yana da wasu zobba na roba da kan cinye ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa gwangwani. Mai sayarwar da ya ƙi a kunna injin, ya kamata ya sayar da shi a farashin wanda ba ya aiki.

Idan mai tsatsar ya ci waɗannan gwaje-gwaje, shi zan saya, ko da mai fentin ma ya ci, saboda arahar da kuma samun kayan gyara. Sau da yawa wannan baƙar dauɗar mai da ke ba mutum ƙyama ita ce ta kare ƙarfen daga damshin Legas.

Maganar wuta kuwa, ka warware ta kafin ka biya ko sisi. Motar lantarkin da ke juya waɗannan injina ta layi uku ce, amma ba lallai ba ne sai ka nemi a jawo maka layi uku, domin akwai na'urar da ake kira VFD, wadda ke karɓar layi ɗaya mai bolt 230 ta fitar da layi uku, ta kuma ba ka damar ƙara gudu ko rage shi. Sharaɗin shi ne motar ta yarda a haɗa ta a kan bolt 220 zuwa 240. Wasu motocin da suka zo daga Ingila, musamman masu gudu biyu, na bolt 415 ne kawai, kuma irin waɗannan sai dai a sake musu naɗi ko a sauya su. Ka ɗauki hoton farantin motar ka kai wa ƙwararren mai rewaya, ya kuma auna ta ya ga ko damshi bai shiga kwayil ɗin ba. Motar da aka yi don Amurka tana aiki da wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, don haka a wutarmu kai tsaye gudunta zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, amma VFD tana iya mayar mata da 60 ɗinta. Kada a sa makunni tsakanin na'urar da motar, domin yanke wuta a nan yana iya ƙona na'urar.

Nauyin injin ya kusa tan guda, kuma yawancinsa a sama yake, shi ya sa yake kifewa da sauƙi. A sauke gwiwar ƙasa, a juya kan ya dubi sama, a kulle teburin, a ɗauko shi da motar Hiab mai ƙugiyar ɗaga kaya da majanyu masu ƙarfi, kada a rataya shi ta tebur ko ta hannayen murzawa. Ka auna faɗin ƙofarka da lungun gidanku tun da wuri, ka kuma tabbata daɓen simintin mai kauri ne.

Gyaran kansa haƙuri yake so fiye da kuɗi. Ka ɗauki hoton kowane ɓangare kafin ka kwance shi, ka zuba ƙananan kayan a gwangwanaye ka rubuta musu suna. Ka jiƙa tsatsa da kananzir ka goge da soso mai laushi, kuma ina roƙonka, duk da sabon hannu, kada garanda ko sanfefa mai kaushi su kusanci hanyoyin tebur, domin abin da za su ci cikin minti ɗaya ya fi abin da aikin shekara goma ya ci. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, saboda haka a kankare shi da jiƙa, da abin rufe hanci, nesa da yara.

Akwai kuskure ɗaya da na fi cin karo da shi. A jikin gwiwa da teburin tsohon Bridgeport akwai 'yan kawuna masu kama da na giris, alhali kuwa na mai ne. Na taɓa kwance wani da aka shekara da shekaru ana ɗura masa giris, na tarar ya daskare a cikin ramukan ya haɗu da garin ƙarfe ya zama kamar busasshen sabulu, har sai da na yi kwana biyu ina zaƙulo shi da waya da kananzir kafin mai ya soma fitowa ta ɗaya gefen. Man da ya dace shi ne na hanyoyin inji mai lamba 68, wanda yake manne wa ƙarfe ba ya tsiyayewa. Baƙin man mota da aka juye daga inji kuwa bai halatta a nan ba ko kaɗan. Bayan ka mayar da komai, ka daidaita siraran ƙarafan da ke matse hanyoyin, sannan ka ɗaura agogon awo a sandar ka zagaya da shi bisa teburin kana daidaita kan injin har allurar ta nuna abu ɗaya gaba da baya, hagu da dama. Fenti shi ne aikin ƙarshe, idan ma ka ga dama.

TAMBAYA: Ni shagona ƙarami ne a Idi-Araba, kuma na haya ne. Akwai tsohon injin da bai kai wancan girma ba?

AMSA: Akwai, Malam, irin su Centec da Tom Senior na Ingila, waɗanda ana iya kwance su gida-gida a shigar da su ƙaramin ɗaki, da kuma Deckel FP1 na Jamus, wanda aikinsa ya yi fice amma kayansa suna da tsada. Matsalarsu ita ce kayan haɗi. Da yawansu wuƙarsu a kwance take juyawa, kuma kan da ke sa ta juya a tsaye daban ake ɗaura shi, sau da yawa kuma ya ɓace tun a hannun mai shi na farko. Kada ka sayi irin wannan injin sai da kansa da sandunansa da kolet ɗinsa a gabanka, ka kuma tambayi 'yan gwangwan ɗin da suka kwaso shi ko akwai wani akwati da ya zo tare da shi, domin sukan sayar da shi daban a kan kilo.

TAMBAYA: Na gama gyaran nawa, amma da damina ta kama sai tsatsa ta dawo kan teburin cikin 'yan kwanaki. Me zan yi? Daga mai karatu a Ajegunle.

AMSA: Kana kusa da ruwa, Malam, iskar wurinku kuma tana ɗauke da damshi da gishiri. Duk ranar da ka tashi daga aiki ka share garin ƙarfe, ka shafe teburin da hanyoyin da mai, ka rufe injin da tsohon zanen auduga. Leda tana tara gumi a ƙarƙashinta, don haka ka guje ta. Ka kuma riƙa ɗaga bayis ɗin da ke ɗaure a kan teburin, wato abin matse ƙarfen da ake sassaƙawa, lokaci-lokaci kana shafa mai a ƙarƙashinsa, domin a nan tsatsa ta fi ɓuya ta ci rami ba a sani ba.