Yaya, kafin ka zargi yaron nan ka fara tambayar takardunsa

Salamu alaikum Yaya, ina gaisuwa, ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya, Allah ya kara sauki. Na saurari sakonka har karshe kuma na ji bacin rai a muryarka, wai an daura aure tun kafin azumi an sha biki an watse amma har yau yarinya tana dakin uwarta, 'yan unguwa sun fara tambayar ko lafiya, kai kuma zuciyarka ta fara raya maka ko yana da wata ne a Ingila shi ya sa yake jan kafa. Ni dai ba zan rantse maka a kan zuciyar mutum ba, Allah kadai ya san ta, amma yadda ake dauko mata zuwa kasar nan na sani, na ga na mutanenmu da yawa, kuma wallahi mafi yawan jinkirin nan ba daga mijin yake ba.

Ka fara da tambayarsa wace irin takarda yake zaune da ita, don a nan ake yawan rufe iyayen yarinya. Bizar aure da ake magana, galibi mai fasfo din Birtaniya ne ko mai zaman dindindin yake nema wa matarsa. In dalibi ne, tun Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu na aji zuwa da iyali, sai masu bincike irin na digirin digirgir, haka masu sabuwar bizar aikin kula da tsofaffi aka rufe musu kofa tun Maris din shekarar. To in yaron yana cikin wadannan magana ta canza gaba daya, gara ya fito ya fada maka gaskiya. Wannan tambayar kafin a karbi sadaki ya kamata a yi ta, amma ko yanzu ba ta baci ba.

In kuwa takardarsa ta isa, to saura kudi, kuma nan ne samarinmu suke makalewa su kasa fada wa surukai saboda kunya. Daga 2012 abin da ake so miji ya rika samu a shekara fam 18,600 ne, sai a Afrilun 2024 aka daga shi zuwa fam 29,000 lokaci guda. Kuma ba da baki za ka fada ba, sai takardun albashi na wata 6 a wurin aiki daya, da sitatimen din banki da ke nuna kudin sun shiga daidai da abin da ke takardar, da wasika daga wurin aikin, kuma na karshen kar ya wuce kwana 28 kafin ranar da aka cike fom. Aikin da ake biyan mutum a hannu ba ya cikin lissafi sai in an biya harajinsa kuma kudin sun shiga banki. Kai ma da za ka ce ka dauki nauyinsu ba za a karba ba, in ajiya za a nuna a madadin albashi fam 88,500 ce kuma sai ta yi wata 6 a asusunsu. Shi ya sa za ka ga yaro ya dawo daga biki ya shiga aikin dare da rana kamar ba ango ba, wata shidan nan yake hadawa, in ya canza wurin aiki a tsakiya lissafin ya kara rikicewa. Ga kudin bizar kanta, a 2025 fam 1,938, ga kudin asibitin gwamnati, wato NHS, fam 3,105 da ake biya gaba daya tun kafin a duba takardar. Da yawanmu adashi muka shiga kafin muka hada.

Ita ma yarinyar tana da nata, gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi a Abuja ko Legas, wanda takardarsa wata 6 kacal take yi ta mutu, da jarabawar Turanci ta matakin farko, don Najeriya ba ta cikin jerin kasashen da aka yafe wa duk da Turancin da muke karatu da shi. In ta yi digiri akwai hanyar tantance shi ya tsaya a madadin jarabawar. Kar ta yi gaggawar yin gwajin tarin tun kudin miji ba su hadu ba, sai a biya sau biyu.

Amma abin da na fi so ka gane Yaya shi ne maganar hujjar aure, don nan ne al'adarmu da tasu suka yi hannun riga. Mu a wurinmu aure ya tabbata da waliyyi da sadaki da shaidu, an yi siga an shafa fatiha, duk gari ya sani, wa zai ce ka kawo hujja? Shi kuwa jami'in Hom Ofis, wato ma'aikatar cikin gidansu mai ba da biza, da zai duba fayil din bai san ka ba, bai san liman ba, ba zai kira kowa a unguwa ba, abin da ke gabansa a kwamfuta shi ne duniyarsa. Ka dauki hoton daurin aurenmu, maza ne tsantsa cike da masallaci da babbar riga, amarya ba ta wurin, wani lokacin angon ma ba ya wurin wakilinsa ne ya karba masa. Mu mun san haka ake yi, shi bai sani ba sai an rubuta masa. Shi ya sa mutanenmu suke hada 'yar wasika su bayyana yadda ake daura aure a kasar Hausa, su sa hotunan kamu da dina da wuni inda aka ga su biyun tare da dangi. Auren hadi na iyaye ba laifi ba ne a dokarsu matukar ba dole aka yi wa kowa ba kuma duk sun kai shekara 18, amma sharadi ne sai sun taba haduwa ido da ido, waya da bidiyo ba sa wadatarwa, don haka tikitin jirginsa da hatimin shiga Najeriya a fasfonsa duk hujja ne.

Sai satifiket din aure. In ba a karba ba a je a karbo a kotun shari'a ko rajistar karamar hukuma, in da Hausa ko Larabci aka rubuta sai an fassara, mai fassarar ya sa sunansa da kwanan wata da inda za a same shi. Kuma don Allah ka zauna da kanka ka jera takardunta ka duba suna, mu ne za ka ga Aisha a fasfo, Aishatu a satifiket, sunan uba Muhammad a nan Mohammed a can, ranar haihuwa ta fasfo daban ta NIN daban, mu ba mu dauke shi komai ba amma a can yana iya jawo tambaya, tambaya kuma makonni ce. Kar ku bari wani ejen ya ce zai gyara muku da takardar bogi, in aka gano an ki bizar, kuma tabon karyar yana bin mutum har ranar da zai nemi zama dan kasa.

Kudin cefane da yake turo mata ma akwai magana. Mun saba a ba wani fam a nan, dan uwansa ya mika naira a can, ya fi sauki kuma canjin ya fi kyau, amma ba ya barin sawu ko daya, mutum ya shekara yana ciyar da matarsa ba shi da abin nunawa. Ka ce ya rika turawa ta banki ko manhaja da sunanta ita kanta, ba asusun kanenta ko na mamarta ba. Hirar WhatsApp kuma ba sai an kwashe sirrin ma'aurata an tura ba, kadan da ke nuna ana magana a kai a kai ya isa, ba wanda ya ce ta ajiye kunyarta.

In an mika komai an dauki hoton yatsu, ka'idar da suka sa mako 12 ne ga mai nema daga waje, akwai layin gaggawa na karin kudi da ke rage shi zuwa kwanakin aiki 30. Amma ka'ida ce ba alkawari ba, a 2022 da yakin Yukren ya barke aka kwashe ma'aikata zuwa bizar 'yan gudun hijira, sai da jiran ya koma mako 24, kuma ko yanzu in suka ce fayil dinka yana bukatar karin bincike to ba ranar da za a ba ka. Babu wanda za ka gani, babu dan majalisar da zai daga waya a sa hannu, iyakar abin da ake yi in lokaci ya wuce shi ne mijin ya rubuta wa dan majalisar mazabarsa a can, ofishinsa ya tambaya a rubuce, wani lokacin yana motsa fayil din. Ka ce ya nuna maka sakon da ke tabbatar da an karbi takardun, akwai lamba da kwanan wata a jiki, mai gaskiya ba zai ki ba.

Kuma kar ka dauka in ta sauka an gama, a lokacin ma aka fara. Bizar farko wata 33 ce, a sabunta a kara wata 30, sai an cika shekara 5 a nemi zaman dindindin, kowane mataki da kudinsa da jarabawar Turanci mai dan tsauri fiye da ta baya, kuma kowane mataki sai sun nuna suna zaune a gida daya. Da me za su nuna? Da wasiku. Wannan ne abin da ya canza mana zaman gida a nan, a gida mutuncin namiji ne komai ya zama da sunansa, haya, wuta, ruwa, mace ba ruwanta, a nan kuwa wanda ya yi haka ya cuci matarsa ba da niyya ba, ranar sabuntawa a nemi shaidar tana gidan a rasa. Shi ya sa makon farko da amarya ta zo matan unguwa in sun je ganinta abin da suke fara fada mata kenan, a sa sunanki a harajin kansul, wato harajin gida na karamar hukuma, ki yi rajista da likita, ki bude asusun banki da adireshin gidan, kuma duk ambulan da ta shigo da sunanki kar ki yar. Kusan duk gidan Bahaushe a nan akwai wata jaka ta wasiku da ake boyewa kamar yadda iyayenmu mata suke boye gwal.

Abin da ya fi ciwo, wanda ku a gida kuke dauka rashin zumunci ne, in mutum ya mika takardar sabuntawa kafin tsohuwar ta kare doka ta ba shi damar ci gaba da zama da aiki har a yanke hukunci, amma in ya fita kasar kafin amsa ta zo an dauka ya janye bukatarsa, kudin da lokacin duk sun tafi. Na ga wadanda aka yi wa rasuwar uwa suna cikin wannan jiran, suka yi zaman makoki ta waya, dangi kuma suna can suna cewa Turai ta canza su. Don haka in wata rana aka yi wani sha'ani 'yarmu ba ta zo ba, ka tambayi inda takardarta take kafin ranka ya baci.

Ka tambaye ni maganar wata matar, to ga yadda take. Ba a ba mace ta biyu bizar aure in ta farko tana kasar ta wannan hanyar, ko da auren halal ne a inda aka daura, kuma in ya taba aure sai ya kawo shaidar saki. Auren da aka daura a Najeriya bisa shari'a suna karbarsa tunda dokar Najeriya ta san da shi, amma wanda aka daura a falo ko a masallacin da ba shi da rajista a Ingila ba aure ba ne a idon doka, kotun daukaka kara ta tabbatar da haka a 2020, shi ya sa masu hankali a cikinmu suke hada biyu, fatiha da kuma rajista. Auren takarda da wasu suke biya a yi musu, shi ya jawo mana duk wannan tsananin, ni ban taba ganin wanda ya yi shi ya samu kwanciyar hankali ba.

Fasfon Birtaniya kuma, in mijin dan kasa ne tana samun zaman dindindin za ta iya nema ba sai ta jira shekara guda kamar sauran ba. Sai ta ci jarabawar sanin kasa tun a matakin dindindin, tambaya 24 ana so ta ci 18, sannan a shekara 3 na karshe kar kwanakin da ta yi a waje su haura 270, a shekarar karshe kar su haura 90, wannan yana kama matanmu masu zuwa gida wankan jego su yi wata biyar shida. Amsa takan dauki har wata 6, sai a kira ta rantsuwa. Ba za ta rasa fasfonta na Najeriya ba, tsarin mulkin 1999 ya yarda wanda aka haifa dan kasa ya rike biyu.

Magana daya ce nake so ka fada mata da bakinka kafin ta taso, don daga gare ka za ta fi jin nauyinta. Shekara biyar din nan zamanta a rataye yake da auren, kuma akwai mazan da suke amfani da haka, abu kadan sai na kira Hom Ofis a mayar da ke. Ta rike fasfonta a hannunta, ta san imel da lambar sirrin da aka bude mata asusun bizar da su tunda yanzu an daina ba da katin izinin zama komai a intanet yake, ta ajiye kwafin duk abin da aka mika da sunanta. Kuma ta sani in ana dukanta ko ana cutar da ita doka ta ba ta hanyar neman zaman dindindin da kanta ba sai da sa hannunsa ba. Ba fata nake ba, yaron da alama dan mutunci ne, amma gara ta sani. Ka turo min hotunan fasfonta da satifiket din auren in duba sunayen, shi kuma ka ce ya kira ni bayan isha'i in ji inda ya tsaya a maganar albashin.