'Yata ta faɗo daga ta ɗaya zuwa ta shida, in ƙara mata malamin lesin?

Tambaya: Malam, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare a nan Zariya. Tun firamare ta ɗaya take zuwa, sai ga shi zangon da ya wuce ta zo ta shida. Babanta kuma ya kafe sai ta karanta likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). Yanzu kullum ciwon kai, ba ta cin abincin kirki, abu kaɗan sai kuka. In samo mata malamin lesin na gida? Daga wata uwa a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, kada ki ƙara. Ragewa ma ya kamata a yi.

Zauna ki lissafa yadda wuninta yake tafiya. Ina ganin irinsu kullum a ofishina na ba ɗalibai shawara. Yarinya ta tashi da asuba, ta yi wanke-wanke, bakwai da rabi tana makaranta. A tashi ƙarfe biyu, lesin har huɗu, ta ci abinci a tsaye, ta zura hijabi sai Islamiyya. Bayan isha'i ga aikin da aka ba ta, ga hadda, in an ɗauke wuta ta kunna fitilar waya har sha biyun dare. Malamin lesin ɗin a wace awa za a saka shi? Likitoci sun ce masu shekarunta suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne karatun da aka yi da rana yake zama a ƙwaƙwalwa. Wadda take samun awa biyar tana zuba ruwa ne a kwando.

Ita kuwa ta shidan da ta hana ku sakat, me take nunawa? Mutum biyar sun fi ta maki a ajinsu, shi ke nan. Wani lokaci tazarar ba ta wuce maki uku ko huɗu ba. Ɗauko katin sakamakon, ki rufe gurbin matsayi da yatsa, ki bi darussan ɗaya bayan ɗaya. In Kemistiri ne kaɗai ya zame, je ki ga malamin darasin, ba a yi wa yara aikin tiyata saboda ƙaya. Ni kam da a hannuna abin yake, da tuni an daina kiran na ɗaya da na kutal a gaban iyaye ranar ba da hutu.

WAEC da NECO ba ruwansu da matsayin aji, kiredit biyar ake nema, ciki har da Turanci da Lissafi. JAMB ma haka: darussa huɗu, maki 400, a kwamfuta. Mai son likitanci zai rubuta Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Saboda haka gwada tambayoyin shekarun baya a kwamfuta ya fi mata amfani a kan tseren ta ɗaya.

Batun Alhaji kuwa sai da lallami. Guraben likitanci ƙayyadaddu ne, hukumar kula da aikin likitoci ce take yanke adadin da kowace jami'a za ta ɗauka, ABU kuma daga ko'ina a ƙasar nan ake rububinta. Masu ƙoƙari da yawa ba sa samu, ba don sun gaza ba. Akwai harhaɗa magunguna, akwai aikin jinya, akwai likitancin dabbobi, duk a jami'ar. An taɓa tambayar yarinyar abin da take so? Ku tambaye ta ba a gaban ƙannenta ba, kuma a daina yi mata gori da 'yar maƙwabta.

Ciwon kan nan a kai ta asibiti, a duba idonta da jininta, don wani lokaci tabarau ne kawai ake buƙata. In kuka ga ta fara ƙulle kanta a ɗaki, tana rama, ko kuka ji ta ce gara ta mutu ta huta, kada a ce shagwaɓa ce. A ranar a kai ta asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, akwai likitocin ƙwaƙwalwa.

Daga daren yau, goma ta yi a karɓe littafin da wayar, ta kwanta.