Amsa: Gane fim ɗin barkwanci tun daga farko

Malam, ka tambayi yadda ake gane fim na barkwanci ne tun kafin wani ya buɗe baki. Kunne ke fara ganewa: kiɗa mai tsalle-tsalle, kalangu ko sarewa. Sai haske, ko'ina fes, babu lungu mai duhu.

Ni dai kyamara na fi lura da ita. Takan ja da baya ta nuno mutum gaba ɗayansa, misali yana taƙama da babbar riga a kasuwar Taminus ta nan Jos, akuya kuwa na bayansa tana taunar gefen rigar. Mu mun gani, shi bai sani ba. Da fuskarsa aka matso, tausayi zai ba mu. Mai tace hoto ma, wato mai yanka hotunan fim ya jera su, yakan jinkirta yankewa kaɗan, don dariya ta samu wuri.