Tambayi Koci: siminti, tiyub da jarka za su iya ƙara min ƙarfin duka?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, kuɗin jim, wato gidan motsa jiki, ya yi tsada, ƙarfen ɗagawa na kanti ba a magana, kowa na son ya haɗa nasa a gida. Na tsamo huɗu a ciki.

Tambaya: Salam Koci, ni ɗalibin karate ne shekarata biyu da farawa, matsalata naushina ba nauyi, malaminmu kullum cewa yake kamar ina koran ƙuda. Na ga bidiyon wasu tsofaffi 'yan Japan suna juya wani dutse mai sanda a jiki, shin zan iya haɗa irinsa kuma zai ƙara min fawa? Daga wani matashi a Dakata, Kano.

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanena. Fawar da kake nufi na gane ba ta mahauta ba ce, duk da dai ko dambenmu ma gadon mahauta ne. Abin da ka gani sunansa ci-ishi, kuma asalinsa tsibirin Okinawa ne inda karate ta fito, su can suna da wani sashe na atisaye da suke kira hojo undo wanda yawancinsa kayan gida ne, dutse da itace da tulu da igiya, ba wanda ya je kanti ya siyo. Mutanen salon karate na Goju-ryu su suka fi riƙe shi, kuma wanda ya kafa salon, Chojun Miyagi, da ya je Hawaii a 1934 ya ga 'yan kokawa na atisaye da wani ƙaton zoben ƙarfe sai ya dawo gida da dabarar, shi ne kongoken ɗin da suke amfani da shi har yau. Kaga ke nan su ma tsince-tsince suka yi, don haka kar ka raina naka.

Haɗa shi ba wuya. Nemi gwangwani mai cin lita ɗaya, da ƙota mai ƙwari tsawon kamu ɗaya, ƙotar shebur da ta karye ma ta yi, sai ka buga ƙusoshi uku ko huɗu a ƙarshen da zai shiga ciki su gitta, wannan shi ne abin da mutane ke mantawa kuma shi ke hana kan ya zare wata rana ya sauka a ƙafarka ko a kan ƙaninka da ke kallo. Kwaɓa siminti awo ɗaya, yashi biyu, ƙananan tsakuwa uku, kar ruwa ya yi yawa, zuba, tsayar da ƙotar a tsakiya ta miƙe sak. Sai haƙuri, ka riƙa yayyafa masa ruwa har kwana bakwai, kankare sai ya kai kwana 28 yake gama yin ƙwarinsa amma bayan sati za ka iya fara taɓawa a hankali. Lita ɗaya ta kankare tana kai kusan kilo biyu da rabi, na san za ka ce haba Koci wannan ai wasan yara ne, to riƙe shi daga can ƙarshen ƙotar ka miƙe hannu ka karkatar da shi gaba da baya sau goma sannan ka dawo mu yi magana. Nisan nauyin daga hannunka shi ne aikin, ba yawan kilo ba. In ya yi maka nauyi matso da hannunka kusa da kan, in ya yi sauƙi ja baya, kayan aiki ɗaya ya zama kamar biyar.

Amma fa bari in faɗa maka gaskiya tunda tambayarka kan nauyin naushi ce. Ci-ishi zai ƙarfafa maka wuyan hannu da damtse da kafaɗa, yadda in ka daki abu hannun ba zai lanƙwashe ba ƙarfin ya zube a hanya. Wannan rabin magana ne. Ƙarfin kansa daga ƙasa yake tasowa, ƙafar baya ta tura ƙasa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu shi ne ɗan aike na ƙarshe. Wanda malaminsa ke cewa yana koran ƙuda kusan kullum da hannu kaɗai yake duka. Maganin wannan tsohuwar ƙwallo ce, ta kwando ta fi don fatarta ta fi kauri, yanka ta kaɗan ka ɗura yashi ta kai kilo uku zuwa huɗu ka kai wa mai faci ya rufe, sai ka tsaya gefe da katanga mai ƙwari, ba ta ƙasa ba don Allah kar maigida ya kore ka, ka juya ƙugu ka maka ta da iya ƙarfinka. Sau biyar kowane gefe, ka huta minti biyu, ka sake, zagaye huɗu ya isa. Da ka ji saurin jifan ya ragu tsaya, don abin da kake koya wa jiki shi ne ya saki ƙarfi a lokaci guda, in ka ci gaba a gajiye rashin sauri kake koya masa.

Sannan in akwai tsohuwar tabarya a gidanku ka roƙi Hajiya ta bar maka. 'Yan kokawar Indiya da Pakistan suna da wata sanda mai dutse a kai da suke kira gada suna juya ta bayan kai, tabarya mai nauyi kusan aikin take yi. Ni dai na daɗe ina cewa macen da ta tashi da daka ba ta bukatar kowa ya koya mata yadda ake sako nauyin jiki a kan abu.

Tambaya: Koci ni ɗan dambe ne, na cika buhu da yashi na rataye a bishiya ina duka safe da yamma don hannu ya mutu, yau kwana biyar bayan hannuna wajen ƙaramin yatsa ya kumbura ba na iya dunƙulewa sosai. Abokai sun ce in ci gaba haka ake yi. Daga Ƙauran Namoda.

Amsa: Ɗan uwa abokan nan naka ba hannunsu ba ne. Ajiye duka yau ɗin nan ka je a ɗauki hoton ƙashin, don daidai wurin da ka faɗa, ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, shi ya fi karyewa a hannun masu naushi har likitoci sun sa wa karayar sunan 'yan dambe. In ya haɗe a karkace dunƙulewar ba za ta dawo daidai ba, kuma kai da wannan hannun kake ci. Hoto tukuna kafin maganar mai ɗori.

Buhun kuma shi ne mai laifi. Yashi zalla in aka rataye shi sauka yake ya danƙare a ƙasa, bayan sati biyu gindin buhun bambancinsa da bulo kaɗan ne, in ruwa ya taɓa shi ma shi ke nan. Ni ma na taɓa yin wannan wautar ina saurayi, wata guda ban iya riƙe cokali da dama ba. Yadda ake yi, je wajen tela ka kwaso ƙyallaye, yawanci murna ma zai yi ka rage masa shara, ka cusa su ka danna da tabarya, yashin kuma ka ƙulla shi a ƙananan ledoji ka jera a tsakiya yadda ƙyalle ya kewaye shi ta ko'ina. Garin katako ma ana sawa amma shi ma yana danƙarewa in ya daɗe, sai an riƙa sauke buhun ana juya shi. Wasu taya uku ko huɗu suke jerawa su ɗaure da igiya su rataye, wannan ya yi kyau wajen shuri, wajen naushi kuma ka duba kar wayar cikin tayar ta fito.

Su mutanen Okinawa da na ambata suna da makiwara, katako ne da ake kafawa a ƙasa ya kai ƙirji, sama ya fi ƙasa siranta, a naɗe kan da igiyar ciyawar shinkafa. Sirrinsa yana lanƙwasa in an daka ya dawo. Abin da ba ya ba da kai, katanga ko gindin bishiya, gaɓoɓinka ne ke shanye dukan. Kuma kai da ake naɗe maka hannu da zare ranar wasa, me ya kai ka dukan buhu da hannu tsirara? Naɗe shi a atisaye ma. Kisa a turmin farko daga ƙugu da ƙafa yake zuwa, mataccen hannu bai taɓa kada kowa shi kaɗai ba.

Tambaya: Ina yin taikwando, na ɗinka 'yan jakunkunan yashi ina ɗaurawa a idon sawu ina shuri da su don ƙafata ta ƙara sauri. Daidai ne? Wata 'yar uwa daga Maraɗi.

Amsa: Sannu 'yar uwa, ku da kuke da Abdoul Razak Issoufou Alfaga da ya ciyo wa Nijar azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016 ya kuma zama zakaran duniya a 2017, dole taikwando ta yi farin jini a wajenku. Jakunkunan kam ki cire su in za ki yi shuri da gudu. Nauyin ƙasa yake ja, shuri kuma gaba yake tafiya, sannan in ƙafa ta miƙe da sauri nauyin sai ya fizgi gwiwa. Ki bar su wajen ɗaga ƙafa a hankali ki riƙe a sama, nan suna da amfani. Na sauri kuma tiyub ɗin keke, ɗaura gefe ɗaya a ƙasan turke a bayanki ɗayan a ƙafa, shi baya yake ja wato daidai hanyar da shurin ke bi. 'Yan judo ma da shi suke koyon fizga. Ki yi biyar da tiyub, ki kwance ki yi biyar ba komai. Ki riƙa duba shi kafin ki fara, tsoho in ya tsinke dawowa yake kamar danƙo, kuma ido ba ya da faci.

Tambaya: Koci mu 'yan kokawa ba ka cika tuna mu ba. Me zan haɗa da zai ba ni ƙarfin ɗaga mutum da riƙo? Bulo nake ɗagawa a kan bututu. Daga Argungu.

Amsa: To ga ni na tuna ku. Bulo a kan bututu dai ban so ba, zamewa yake kuma gefe ɗaya kullum ya fi nauyi. Ban da haka ma bulo ba ya motsi, mutum kuwa in ka rungumo shi ƙoƙarin suɓucewa yake, don haka kai abin da ke gardama kake bukata.

Jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ke nan tunda litar ruwa kilo ɗaya ce, amma kar ka cika ta, bar ta rabi da ɗan ɗori ka rungume a ƙirji ka yi tafiya ko ka tsuguna ka tashi, ruwan zai riƙa kai ka hagu da dama sai cikinka da bayanka sun yi aikin da ba su taɓa yi ba. Na biyu, akwai wata jaka mai siffar jinjirin wata da wani ɗan kokawar Bulgeriya mai suna Ivan Ivanov ya fito da ita yana koyarwa a Amurka wajen 2005, ana juya ta kewaye da kai ana saɓa ta a wuya kamar makiyayi ya ɗauko ɗan rago. Ta kanti tsada, ta gida kuwa tiyub ɗin mota ne, yanke wajen bakin iskar ka jefar, ɗaure gefe ɗaya tam da waya ko igiya ka bar kamar taƙi ɗaya na riƙewa, ɗura busasshen yashi, ɗaure ɗayan, naɗe bakunan da salatif. Fara da kilo takwas zuwa goma ko da kai ƙato ne, juyawar ce ke ninka nauyin.

Riƙo kuma, mutanen Okinawa tuluna suke kamawa ta baki da yatsu su yi tafiya da su, nigiri game suke ce masa, suna ƙara yashi kaɗan kaɗan duk bayan wani lokaci. Kai ma samu tulu biyu masu leɓe ko robar fenti mai baki daidai tafinka. In kuma akwai rijiya a unguwarku karɓi gugar daga hannun yara da safe ka ja musu ashirin, hannu bayan hannu ba tare da igiyar ta goga bakin rijiya ba.

Buhun siminti mai kilo 50 da na san za ka tambaya, bar shi sai jarkar ta daina kai ka gefe, kuma ranar da za ka ɗaga shi ka tsuguna ka rungumo shi jikinka ka tashi da ƙafa, bayanka a miƙe. Masu tambaya kan yara 'yan ƙasa da sha biyar na ga saƙonninku, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da su za mu fara.